Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

"Ɗauki ka gani," in ji Yaya. "Ɗauki mana, tunda kai ne mai ilimin."

Auta ya sunkuya ya ɗauki tukunyar dashen. Gindinta ya ɓalle, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zube masa a ƙafa, ɗan tsiron gwaiba ya rage a hannunsa, saiwa a waje.

"Ruwa aka cika mata," ya ce.

"Au, ruwa aka cika mata. To a gidan rainon itatuwa me ake ba tsiro, shayi?" Yaya ya shure wata da gefen takalmi. "Mutum ya zo da motarsa ya ɗauki gwaiba hamsin. Kafin ya kai bakin titi rabi sun zama taɓo. Ya dawo yana wanke ni tas a gaban mutane, kai kana can kana dama kashin shanu."

Auta ya kakkaɓe ƙasar da ke ƙafarsa. Gaskiya ne, yana can bayan rumfa a lokacin. Tsoffin kwalaye yake jiƙawa a duro har su narke, ya haɗa da busasshen kashin shanu da garin katako da yake roƙowa wurin kafintoci, ya danna haɗin tsakanin gwangwani biyu, ƙarami cikin babba, ya shanya a rana. Abin da ke fitowa tukunya ce mai launin ƙasa, mummuna, mara nauyi. Ba a cire ta ranar dashe. Tare da tsiron ake binne ta, saiwa ta huda ta, ƙasa ta cinye sauran.

"Leda ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji Yaya. "Ta shekara a rana, ta shekara a ruwa, tana nan."

"Shi ne ai. Tana nan."

"Ka ji ka da baki."

Ko'ina ka duba a gidan rainon, tana nan ɗin. Baƙaƙen ledoji a jere layi-layi ƙarƙashin rumfa, kowace da tsironta. Yagaggu sun maƙale a wayar shinge suna kaɗawa. In ka sa fartanya a ƙasa, kafin ka kai tsawon hannu sai ka zaƙulo guntun wadda aka yar tun kafin a haifi Auta. Kwatar da ke fitar da ruwa daga gindin rijiya, duk damina sai an zura hannu an ciro su tuli.

"Daga yau kada in sake ganin wannan ƙazantar a layin sayarwa," in ji Yaya. "In kana son wasan yumɓu, ka je bakin rafi."

"Gidan ba naka ba ne kai kaɗai."

"To zo mu je wurin mai gidan."

Mai gidan yana zaune a kan benci a ƙarshen rumfa, sanda a tsakanin gwiwoyi, ƙafar hagu a miƙe. Duk ya ji. Baba ke nan, mahaifinsu. Da can Mai Hannu ake kiransa, domin abin da ya dasa ba ya mutuwa. In ya aurar da mangwaro, ya ɗauko reshen mai daɗi ya haɗa da gindin mai ƙarfi ya ɗaure, kamawa yake kamar tare aka halicce su. Yanzu wuƙar auren tana soke a cikin rufin rumfa, naɗe da tsumma. Shekara bakwai bai taɓa ta ba. Wanda duk ya kira shi Mai Hannu, sai ya ce, "Wancan ya rasu."

Auta ya san ranar da rashin lafiyar Mai Hannu ta fara.

Yana ɗan shekara goma sha biyar lokacin. Kwazazzabon da ke bayan filinsu ya fara cin ƙasa, sai Baba ya aurar da mangwaro arba'in da hannunsa, ya raine su shekara guda, don a jera su a bakin kwazazzabon saiwarsu ta riƙe gaɓa. Ana saura kwana uku dashe ya faɗo daga kan tsani, ƙafa ta karye. Yaya yana wani gari yana koyon tuƙi. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ba a jira.

"Ka tsaga ledar daga gefe," Baba ya ce masa daga kan tabarma. "A hankali. Ka zare ta. Kada ƙasar gindin ta fashe. In ta fashe ka kashe shi."

Na farko ya fashe a hannunsa. Na biyu ma ya fashe. Ya tsaya a bakin rami yana kallon saura talatin da takwas, aikin shekara guda na mahaifinsa. Sai wata dabara ta zo masa. Ai duk abin da aka binne ruɓewa yake. Ya ga an binne mataccen kare, ya ga an binne tsumma da igiya, ba abin da ya yi saura. Ya riƙa ɗaukar su yadda suke, da ledarsu, yana sakawa a rami yana mayar da ƙasa. Ko ɗaya bai sake fashewa ba. Ya koma gida yana jin kansa gwani.

"Ka cire ledojin?" in ji Baba.

"Na cire."

Sau ɗaya ya tambaya. Bai sake ba, don shi mutum ne da in ɗansa ya faɗi magana, ta zauna.

Shekara goma sha biyu ke nan. Biyun da suka fashe sun zama manyan bishiyoyi, ana shan inuwarsu, ana tsinkar 'ya'yansu. Sauran suka kai tsayin mutum suka tsaya, ganye rawaya-rawaya, fure ya fito ya kakkaɓe. Baba ya zargi gara, ya sa magani. Ya zargi ƙasa, ya sa aka kwaso taki amalanke-amalanke. Da ya rasa abin zargi, sai ya dubi hannunsa. Ya ce albarkar ce ta tashi, biyun farko su ne ƙarshen rabonsa. Ya naɗe wuƙa.

Duk damina iska kan ture ɗaya ko biyu su faɗa kwazazzabo. Auta ne ke riga kowa zuwa, da sassafe, da adda. Ya sauka, ya yanke ledar daga jikin saiwa, ya cusa a aljihu, sannan ya hau ya ba da labari. Ledojin suna cikin wani buhu a bayan duron da yake jiƙa kwali. Goma sha biyar. Ya kasa ƙona su, ya kasa zubarwa. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa. A shekarar farko tsoron duka ya hana shi. Daga baya ba dukan ba ne. Da a ce duka ne, da ya kwanta an yi an gama.

"Baba, ku raba mu da yaron nan," in ji Yaya. "Zai kore mana masu saye."

Baba ya miƙa hannu. Auta ya ɗauko busasshiyar tukunya ɗaya ya sa masa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sunsuna.

"Ka ce ƙasa na cinye ta?"

"Tana cinyewa."

"Wa ya gani?"

"Shi da aljanunsa," in ji Yaya.

"Na dasa shida da ita farkon damina," in ji Auta. "Wata uku ke nan."

"A ina?"

Da ya san inda tambayar za ta nufa, da ya haɗiye maganar. Amma ta riga ta fita.

"Bakin kwazazzabo. Inda waɗancan suka faɗi."

Baba ya ajiye tukunyar. Rabonsa da wajen shekara uku. Ko ta can aka ambata, sai ya juya fuska. Ya dafa sanda, ya yunƙura.

"Mu je."

"Baba, ƙafarku," in ji Auta. "Bari in tono ɗaya in kawo muku nan."

"In ka kawo shi nan ka kashe shi. Mu je."

"Ko in kawo baro in tura ku?" in ji Yaya.

"Ranar da za ka tura ni tana zuwa, ba ka buƙatar baro. Ɗauko diga da shebur."

Suka bi ta bayan rijiya, suka wuce layin lemo, suka fita ta ƙaramar ƙofar shinge. Baba na tafiya yana jan ƙafa, su biyun a bayansa kamar masu rakiyar gawa. Gabas ta fara haɗa hadari. Kwazazzabon ya matso fiye da bara. Inda a da ake ajiye amalanke yanzu iska ce. A can ƙasa ruwan shekaranjiya ya bar ledoji rataye a jikin saiwoyi da duwatsu, baƙaƙe da farare, har inda ido ya tsaya.

Manyan biyun suna farkon layi. Baba ya wuce su bai ɗaga kai ba. Bayansu sai tsumburarrun, ashirin da uku, da gibi-gibi a tsakani kamar bakin tsoho. A cikin gibin ne sababbin tsiron Auta suke, gajeru, ganyensu kore shar, sabon toho ja a kai.

"Wannan," in ji Baba, ya nuna da sanda.

Auta ya durƙusa. Bai sa ƙarfe ba, da yatsu ya riƙa ja da ƙasa daga gefe ɗaya. Ya kai inda bakin tukunyar ya kamata ya kasance, bai samu baki ba. Sai wata baƙar ƙasa mai laushi, mai ɓarɓashi, da 'yan zare-zaren kwali da suke narkewa in an murza. Wata tsutsar ƙasa ta fito ta nutse. Fararen saiwoyi sun ratsa ta ko'ina, sun yi gaba, sun yi ƙasa, kowace ta kama hanyarta.

"Ina tukunyar?" in ji Yaya.

"Ga ta nan a hannuna."

Baba ya ba Yaya sanda ya riƙe. Da ƙyar ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ɗayar a miƙe gefe. Ya ɗebi baƙar ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Ya sa ɗan yatsa ya bi wata saiwa a hankali, yadda ake shafa kan jariri.

"Ta ci," ya ce. "Ta ci ta koma taki."

"To, a ƙasa tana aiki," in ji Yaya. "A mota fa? Ni da mota ake zagina."

"Shanya ce ba ta isa ba. Kwana nawa kake ba ta?"

"Uku," in ji Auta.

"Ka ba ta bakwai, biyun ƙarshe a inuwa. Ka ƙara wa gindi kauri. Ka sa ɗan yumɓu a haɗin, kaɗan, kamar haka." Yatsunsa suka matse ƙasar, suka zagaya, suka fitar da baki. Hannun bai manta komai ba. "Kuma kada ku jera su a ƙasa tsirara, ku shimfiɗa katako. Ban-ruwa da safe kawai. Mai mota kuma a ba shi kwali ya jera a ciki."

Yaya ya dubi Auta, Auta ya dubi ƙasa. Rabon da su ji Baba ya jera magana haka a kan aiki, sun manta. Har muryarsa ta canja. Wani abu ya taso wa Auta a ƙirji mai kama da daɗi, bai san inda zai ajiye shi ba.

"Gobe ka ɗauko mini wuƙar nan in gani ko ta yi tsatsa," in ji Baba. "Waɗannan shida, in suka ƙara ƙwari..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya tashi daga fararen saiwoyin ya sauka kan tsumburarren mangwaron da ke gefe. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sake kallon ramin. Ya sake kallon bishiyar.

"Taku nawa ne tsakaninsu?"

Ya auna da ido.

"Biyu," ya ce da kansa. "Taku biyu. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Wannan wata uku ya baza saiwa haka. To ƙasar ba ta da laifi ke nan."

"Baba, hadari ya taso," in ji Auta. "Mu koma kada ya tare mu."

"Kuma babu gara. Da akwai, da ta fara cin kwalin nan." Ya kama reshen bishiyar ya ja kaɗan. Duk jikinta ya motsa, har ƙasar gindinta ta tsage. Bishiyar shekara goma sha biyu ta yi rawa a hannun tsoho kamar turken da ba a kafa da kyau ba. "A tona mini wannan."

"Ku bari sai gobe."

"Yau."

Yaya ya tofa yawu a tafi ya ɗaga diga. "Matsa, malamin kwali."

Auta ya miƙe ya riƙe ƙotar. "Ba ni."

"Yau kuma kai ke neman aiki?"

"Ba ni, Yaya. Ni na dasa."

Yaya ya sake masa. Auta ya fara sara daga nesa da gindin, yana zagayawa, yana kwashewa da shebur. Ya san zurfin. Hannunsa ne ya haƙa ramin. Yana sara yana jin iska na ƙara sanyi a bayan wuyansa, yana fatan ruwa ya kece yanzu, yana kuma fatan kada ya kece. A sara na tara bakin diga ya taɓa abin. Ba ƙarar dutse ba, ba ta saiwa ba. Wani ɗan kwas, mai taushi. Ya san ƙarar nan fiye da muryarsa.

Ya ajiye diga. Ya rungumi bishiyar ya ja, ta taho ba gardama.

Gindin ya fito da siffar ledar, dunƙule, bai fi kan mutum ba. Ta gefe ɗaya ta tsage, ana ganin ciki: saiwoyi sun zagaya, sun sake zagayawa, sun naɗe juna kamar igiyar guga a cikin bokiti, sun shaƙe kansu. Guda ɗaya ta samu ƙaramar hudar da ake yi don ruwa ya fita, ta kutsa ta nan. Ta kumbura a ciki, ta kumbura a waje, a tsakiya ledar ta ɗaure ta siririya kamar wuya. Da wannan saiwa ɗaya bishiyar ta rayu duk shekarun nan.

"Kai," in ji Yaya a hankali. "Amma dai kai..."

Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya yi shiru.

"Kawo."

Auta ya jawo gindin gabansa. Baba ya sa babban yatsa ya goge ƙasa daga jikin ledar. Ta fito baƙa wuluk, tana ƙyalli kamar jiya aka sayo ta. Ya ƙara gogewa. Ga ɗigo biyu na farin fenti, alamar da yake yi wa wanda ya aurar da kansa, don kada a haɗa da na sayarwa. Ko fentin bai goge ba.

Ya ja gefen ledar. Ta miƙe, ta ƙi tsinkewa.

"Duka?" ya ce. Bai ɗago ba.

"Ban da biyun can."

"Su me ya same su?"

"Sun fashe a hannuna. Na ɗauka na kashe su. Na ji tsoro." Muryar Auta ta fito ƙarama, ta ɗan shekara goma sha biyar. "Na ɗauka za ta ruɓe, Baba. Na ɗauka komai ruɓewa yake."

"Waɗanda suka faɗa kwazazzabo fa? Na aiki yayanka ya duba sau biyu."

"Ina riga shi zuwa."

Yaya ya juya baya ya tafi bakin gaɓa ya tsaya, hannu a ƙugu.

"Suna cikin buhu," in ji Auta. "Bayan duro. Goma sha biyar."

Bai san dalilin da ya sa ya ƙara wannan ba. Wataƙila so yake a zage shi. Ya tsaya yana jira, kai a sunkuye, sanda tana kwance kusa da ƙafar Baba inda Yaya ya yar da ita. Da Baba ya ɗauka ya sauke masa a gadon baya, da ya gode.

Baba bai ɗauka ba. Ya sake ledar, ya buɗe tafin hannunsa na dama ya zuba masa ido. Ya juya bayan, ya sake juyo cikin. Ƙasa ta shiga duk layukan. Yatsun sun tsufa, tsufan ya zo ne yana zaune a benci. Ya dubi layin, ashirin da biyun da suka rage a tsaye, kowanne da abin da ke gindinsa. Ya dubi gaɓar da ruwa ya cinye.

Ɗigon farko ya faɗo kan ledar ya gangara bai jiƙa ta ba. Na biyu ya faɗa cikin ɗan ramin da Auta ya tona da yatsu, baƙar ƙasar ta shanye.

"Rufe wa wancan saiwarsa," in ji Baba. "Iska na dukanta."

Auta ya durƙusa ya mayar da ƙasa kan fararen saiwoyin, ya danna da tafi. Ya daɗe yana dannawa bayan ta riga ta zauna. Da ya ɗago, Baba na kallonsa. Babu fushi a fuskar, kuma rashinsa ya fi ciwo.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Da ban ce a tona ba, yaushe za ka faɗa mini?"